Daga Damagaram zuwa Timiya: Jagorar Mai Kallon Tsuntsaye a Duwatsun Abzin

Wanda ya tashi a ƙasar da kukan kurciya ke tada shi da asuba, marai kuma na hayaniya a bishiyar ƙofar gida, zai yi mamaki in aka ce masa akwai masu ɗaukar mota su nufi arewacin Agadas don kallon tsuntsaye. A tunanin yawancinmu hamada rairayi ce shimfiɗe, babu inuwa, babu motsi. Ƙasar Abzin ba haka take ba. Tsaunuka ne baƙaƙe da jajaye da suka taso a tsakiyar Sahara, ƙoramu sun ratsa su, a gindinsu kuma akwai rijiyoyi da lambuna da garuruwa masu tsohon tarihi. Birnin Agadas kansa yana kan tudun da ya ɗara mita 500 bisa teku. Daga nan ƙasa ke ta hawa har ƙololuwar Bagazam mai mita 2,022, wadda babu inda ya fi ta tsawo a duk Nijar. A 1988 gwamnati ta keɓe gabashin tsaunukan haɗe da wani yanki na hamadar Tenere, fili mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000, ta mai da shi gandun da doka ta kare. A 1991 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Nau'in tsuntsayen da aka lissafa a gandun sun kai kimanin 165.

Adadin bai kai na dajin kudu ba, amma ganinsu ya fi sauƙi. A kurmi ganye ke ɓoye tsuntsu, ka wuni kana jin kukansa ba ka sa shi a ido ba. A Abzin itatuwa ƙidayayyu ne, ruwa ya fi su ƙaranci, kuma kusan duk mai rai sai ya biyo ta inda ruwan yake. Saboda haka dabarar ba ta wuce wannan ba: ka san inda ruwa yake, ka san sa'ar da kowane tsuntsu ke zuwa, ka riga shi isa, ka zauna. Mai bin tsuntsu da gudu a cikin duwatsu gajiya kawai zai kwaso.

Wane wata za a tashi?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da jiki ya fi ɗauka. Rana ba ta ƙuna sosai, ƙoramu sun bushe mota na wucewa, tafkunan da damina ta cika ba su gama ƙafewa ba, baƙin tsuntsayen da suka gudo daga sanyin Turai kuma suna nan. Kada dai sunan hamada ya ruɗe ka ka bar bargo a gida, domin a Disamba da Janairu akwai dararen da ruwa ke daskarewa a kan tsaunuka. Cikas ɗin wannan lokaci hazo ne. Ranar da ya sauka sosai, sai a haƙura da hangen nesa, a koma lambu inda ake gani kusa.

Mai son ya ga masu ƙaura suna wucewa, ya zo a Oktoba ko a Maris. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi na wuce digiri 40, kuma ban ba kowa shawarar tafiya a lokacin ba. Damina tana da kyau, ƙasa ta yi kore, amma haɗarinta babba ne: ruwan da aka yi a kan wani dutse mai nisa yakan taso ƙorama a cike alhali babu ko gajimare a kanka. A Satumban 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta rushe ɗimbin gidaje a Agadas. Don haka ba a kwana a cikin ƙorama da damina, komai laushin yashinta.

Izini, jagora da mota

Maganar tsaro ba a yi mata kwana-kwana. Yankin ya sha tawaye a shekarun 1990 da kuma daga 2007 zuwa 2009, an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi, daga 2014 haƙar zinari ta ƙara yawan motoci da 'yan fashi a hanyoyin arewa, a 2025 kuma an sace baƙi Turawa a cikin Agadas kanta. Hali yana sauyawa daga wata zuwa wata. Kafin ka ɗaure kaya ka nemi labari daga bakin mutanen Agadas. In ka isa, ka kai kanka ga hukuma ta san da tafiyarka, ta faɗa maka hanyar da ke buɗe, da wadda sai da rakiyar soja, da wadda aka hana. In an ce kada a wuce Dabaga da ke kan hanyar Timiya, to a Dabaga tafiya ta tsaya, kuma a can ma za ka ga abin da zai cika maka littafi. Mai zuwa daga Nijeriya ya riƙe fasfo, da katin rigakafin shawara, da takardun mota, da sefa a hannu. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ya kamata ya tambayi irin takardun da ake karɓa a iyaka kafin ya tashi.

A shingen jandarmomi ka fito da madubin hangen nesanka da kyamara da kanka, ka nuna littafin tsuntsaye, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka ɗaga madubi ko kyamara wajen bariki, ko filin jirgi, ko ma'adana. Ƙaramin jirgi marar matuƙi kuwa, a bar shi a gida.

Da ɗan gari akan ci gari. Kwalta na ƙarewa, hanya ta zama sawun taya da ke rabuwa biyu, uku, ba allo ba alama, kuma Ba'abzinen da ya tashi a wurin ne kaɗai ya san wace ce ke kaiwa. Hausa za ta ishe ka a Agadas da yawancin ƙauyuka, amma a zangon makiyaya sai da Tamashek. Tun ranar farko ka gaya wa jagoranka cewa tsuntsaye ka zo gani. Ya saba kai baƙi tudun rairayi da wuraren ɗaukar hoto, kuma zai tsara tafiyar a kan haka in ba ka yi magana ba. Tambayar da za ka riƙa yi masa kullum da dare ita ce: gobe ina ne ruwa yake a kwance, kuma nawa ne nisansa da inda za mu kwana?

Mota sai mai jan ƙafa huɗu, wadda 'yan Nijar ke kira kat-kat, in da hali guda biyu su tafi tare. A ɗauki safaya biyu, da jak, da shebur, da famfon iska, da igiyar ja, da fambel. Yashi na shan mai fiye da kwalta, don haka a lissafa da ƙari mai yawa. Ruwan sha kada ya gaza lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala da lagireto, sannan a ajiye na kwana biyu da ba a taɓawa. A yashi mai laushi ana rage iskar taya, in an fito kan duwatsu a mayar, in ba haka ba kaifin dutse ya yanke gefen tayar. In mota ta lalace a inda babu kowa, a zauna a inuwarta. Masu nema mota suke hangowa daga nesa, mai tafiya a ƙasa kuwa da wuya a gan shi.

Madubi da littafi

A jikin madubin hangen nesa za ka ga lamba irin 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Wannan ya wadatar. Masu lamba 12 ko 16 suna jan hankalin mai saye, amma hannu na rawa da su, filin da suke nunawa kuma ƙanƙane ne, kafin ka lalubo tsuntsun ya tashi. Idanun mutum ba ƙarfinsu ɗaya ba, shi ya sa ake daidaita madubi tun a gida. Zaɓi rubutun wani allo mai ɗan nisa. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya ƙawanyar tsakiya har rubutun ya fito tar a idon hagu. Sannan ka rufe na hagu, ka bar ta tsakiya yadda take, ka juya ƙaramar ƙawanyar da ke jikin gilashin dama har shi ma ya ga tar. Daga nan ta tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa.

Abin da ke wahalar da sabon shiga shi ne ya ga tsuntsu da ido, ya ɗaga madubi, ya neme shi ya rasa. Dalili kuwa ya sunkuya ya kalli madubin ne. Ka kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin ya iske idon a inda yake. Ka gwada wannan da kurciyoyin unguwarku har hannu ya saba. Ƙura kuma ita ce mai kashe gilashi: a hure ta tukuna kafin a goge, kuma ba da bakin rawani ba, don yashin da ke jikinsa na karce gilashin.

Littafin da masu wannan harka suka fi riƙewa a Afirka ta Yamma shi ne na Nik Borrow da Ron Demey, akwai shi da Ingilishi da Faransanci. A waya akwai manhajar Merlin da ta eBird, sai dai a sauke bayanansu tun a gari, don sabis na ɗaukewa da an shiga tsakanin duwatsu. Duk da haka ƙaramin littafin rubutu da fensir sun fi waya amana. In ka ga tsuntsun da ba ka sani ba, kada ka yi saurin buɗe littafin hotuna, domin kafin ka ɗago ya tafi. Kalle shi har ya tashi don kansa. Girmansa ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Bakinsa siriri ne ko kakkaura, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe? Wutsiyar fa, tana kaɗa ta ko tana buɗe ta? Tafiya yake ko tsalle? A kan dutse, a yashi, ko a reshe? Rubuta wannan duka, sannan ka nemi suna. Launi shi ne na ƙarshe, domin rabin tsuntsayen hamada launin ƙasa gare su.

Tsarin yini da abin da ke bakin hanya

Lokutan salla sun riga sun raba maka yinin. Daga sallame asuba zuwa hantsi, kallo. Wajen ƙarfe 10 iska ta fara rawa a kan ƙasa, madubi ba ya nuna komai daga nesa sai kawalwalniya, tsuntsaye kuma sun shige inuwa. To, lokacin cin hanya ke nan. Da azahar a sauka ƙarƙashin itace, a dafa shayi, a huta. Kafin la'asar ta yi sanyi a ce an isa masauki, don a samu zama na biyu har magariba. Ba a tafiyar dare.

Motar kanta maɓoya ce, domin tsuntsu ya fi tsoron mutum a tsaye a kan mota. Ku yi yarjejeniya da direba a kan alamar tsayawa, ya tsaya a hankali, ya kashe inji, kada kowa ya buɗe ƙofa. Jingina gwiwar hannu a taga ka kalla daga ciki. Da safe in an fuskanci arewa rana tana dama, saboda haka tagar hagu ce mai haske mai kyau, da yamma kuma ta dama.

Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat, kuma hanyar kanta darasi ce. A Damargu gonakin gero na raguwa, gawo na ba aduwa da kandili wuri. A nan ka duba wayoyi da kan itatuwa, za ka ga shirwa, da cilakowa, da bardo mai doguwar wutsiya, da garken wasu 'yan gwara da mazansu ke rawaya shar da bayan ja-ja. Bayan Adarbisanat ƙasa ta buɗe. Hankaka mai farin ƙirji ya fara ƙaranci, wani baƙi ƙirin mai wuya ruwan ƙasa ya maye gurbinsa. A filayen tsakuwa ka lura da wani mai launin yashi da dogayen fararen ƙafafu, wanda ke sheƙawa da gudu, ya tsaya cak a miƙe, ya sake sheƙawa. Mai rabo yakan ga tuje yana takawa a nesa. Kafin Agadas hanya na gangara gangaren Tigidit, yankin da masana suka tono ƙasusuwan dinoso masu yawa. Wanda ya biyo ta Ƙonni da Tawa kuwa, kada ya wuce tafkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa, bai ba shi safiya guda ba. Tun 2005 yana cikin jerin dausayoyin Ramsar, kuma da hunturu agwagin Turai na haɗuwa a can da kirinjijiya da zalɓe da belbela da zakaran ƙeƙuwa. Shamuwa dai ba za ka same ta ba, don da kaka take komawa kudancin Afirka.

Agadas ta cancanci kwana biyu. Hasumiyar babban masallaci, mai mita 27, da laka aka gina ta a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, kuma tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013. A kai gaisuwa fadar Sarkin Abzin, a ga gidan da Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a 1850, a zauna wurin maƙeran azurfa. Ko a nan kada madubi ya shiga jaka. Akwai ɗan tsuntsu mai kai toka-toka da zane, jiki ja-ja, da ke shiga zaure da tsakar gida ba tsoro, yana tsintar tsaba.

Zaman bakin ruwa

Daga Agadas hanyar Timiya na bin ƙoramar Telwa zuwa Dabaga, ta wuce Elmeki, kimanin kilomita 220 gaba ɗaya, amma tafiyar yini ce cur saboda duwatsu. A wannan hanya ruwa iri uku ne. Akwai gurbin da ke cikin dutse inda ruwan damina ke kwanciya watanni, akwai bakin rijiya inda abin da ya zube daga komin dabbobi ke taruwa, akwai kuma magudanan lambu. Gurbin dutse ya fi, musamman wanda ke nesa da ƙauye.

Ka je tun da yamma ka duba wurin, ka ga ta inda gaɓar ke da gangare mai sauƙi, don ta nan ake sha. Sawu da kashin tsuntsaye za su nuna maka. Ka zaɓi mazauni mai nisan taku 30 zuwa 40, ta gabas da ruwan, yadda rana za ta fito ta bayanka. Ka jingina da dutse ko kututture, kada siffarka ta fito a sararin sama. Farar riga da shadda mai walƙiya a bar su a jaka, a sa mai launin ƙasa. Da safe ka isa kafin gari ya gama wayewa, ka zauna, ka kashe ƙarar waya. Ba nuni da yatsa, ba hira. In dole ka motsa, ka motsa a hankali. Rubu'in awa na farko ba za ka ga komai ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su tashi. Zauna.

Kurciyoyi ne ke fara sauka, da bardo, da hazbiya mai jan da'ira a ido. Sai ƙananan masu cin tsaba, cikinsu har da wani mai kakkauran baki ja-ja, wanda kukansa ke fita ta hanci kamar ƙaramar algaita, kuma sau da yawa kunne ke riga ido samunsa. Wajen awa biyu bayan fitowar rana sai manyan baƙin su iso. Tsuntsaye ne masu girman tattabara, launin ƙasa, gajerun ƙafafu, fiffike mai tsini. Larabawa na ce musu ƙaɗa, a littafin Faransanci kuma za ka same su da sunan ganga. Busasshiyar tsaba suke ci, shi ya sa dole su sha kullum, kuma sukan taso daga nisan kilomita gommai. Kukansu za ka fara ji daga sama. Su kewaya, su sauka nesa kaɗan da ruwan, su tsaya suna dube-dube, sannan su tako. Shan kansa na 'yan daƙiƙoƙi ne. A lokacin da suke da 'ya'ya, ka sa madubi a kan mazan: za ka ga namiji ya shiga ruwa har ciki yana girgiza jiki. Gashin cikinsa ne yake jiƙawa, domin an halicce shi yana riƙe ruwa, da shi zai koma wa 'yan tsakinsa su tsotsa. A ganina babu abin da ya kai wannan a duk tafiyar.

Wannan ne kuma dalilin nisan da na ce ka bayar. In ka firgita su suka tashi ba su sha ba, sun yi asarar doguwar tafiya, wataƙila da ruwan 'ya'yansu. Hoto bai kai wannan ba. Ka riƙa ɗaga kai kuma, don shaho ya san sa'ar kamar yadda ka sani, kuma in ka ga wuri ya watse farat ɗaya, shi ne ya kawo bara. Akwai wani nau'in ƙaɗa mai zane-zane a jiki da ke zama cikin duwatsu, shi ba ya zuwa sai bayan magariba, duhu ya fara shiga. In kana son sa, ka yi salla kusa, ka koma mazauninka, kada ka kunna fitila.

Ruwan nan da masu shi. Ka yi sallama ga duk wanda ka iske, ka bar jagora ya nemi izini. Da hantsi, in awaki da raƙuma suka iso, zamanka ya ƙare, ka ba su hanya. Ba a wanka ko wanki da sabulu a gurbin da mutane ke sha, ba a kafa zango a bakinsa, ba a ɗaukar hoton mata sai sun yarda. Sukari da ganyen shayi kyauta ce da ake jin daɗinta. Kuma yaran da ke kiwo sun fi kowa sanin inda mujiya ke kwana da inda ungulu ke sheƙa, in ka tambaya da ladabi.

Duwatsu da lambuna

A zango ba sai ka nemi tsuntsuwar da ake kira mula-mula ba, ita za ta neme ka. Baƙa ce, da farar hula da farar wutsiya, tana sauka kan dutse kusa da murhu, Abzinawa kuma suna ɗaukarta mai kawo alheri. In ka ga wadda kanta baƙi ne, ƙarama ce da ba ta yi hula ba tukuna. Maƙwabciyarta toka-toka ce da baƙar wutsiya da take buɗewa tana rufewa ba hutu. A kan tsaunuka akwai hankakan da wutsiyarsa gajera ce ƙwarai, har in yana shawagi ka ga kusan fiffike ne zalla. A filin yashi kuwa ka saurari wani fito mai hawa a hankali: mai shi dogon baki gare shi lanƙwasasshe, yakan tashi sama tsaye, ya buɗe fiffike baƙi da fari, ya faɗo da ka. Agwada na shan hantsi a kan duwatsu, barewa na giftawa, ragon dutse kuwa sai mai babban rabo. Da safe a zazzage takalmi saboda kunama.

Timiya kan ba baƙo mamaki: bayan yini guda na baƙin dutse, sai ga dabino da lemo da rumman a bakin ƙorama. Kafin garin akwai magangarar ruwa da tafkinta, a kan dutsen da ke kallon garin kuma akwai sansanin da Faransawa suka gina a shekarun 1950, inda ake ganin kwarin gaba ɗaya. Nemi izinin mai lambu ka zauna kusa da magudana. A nan za ka ga alhudahuda, da koren nan mai siririyar wutsiya da ke kama ƙudan zuma ya komo reshensa, da ƙananan baƙi daga Turai. Wasunsu nauyinsu bai wuce giram 10 ba, amma sun ƙetare Bahar Rum da Sahara. Da yawansu da dare suke tafiya, da rana su laɓe a inuwa. Shi ya sa a Oktoba da Maris itace guda a tsakiyar fili ya cancanci a duba shi reshe-reshe. In ka ga ɗaya a ƙasa ya saki fiffike, a gajiye yake. Kada ka tashe shi, ka ajiye ruwa a murfi ka ja baya.

In hanya a buɗe take, daga Timiya ana wucewa ta kangon Asode, tsohon birnin da ya taɓa zama cibiyar Abzin, wanda yaƙin Kawsan da Faransawa na 1916 zuwa 1917 ya ƙarasa, a isa Iferwan a gindin dutsen Tamgak, a dawo ta hanyar Arlit. A kan wannan hanya, kimanin kilomita 110 kafin Agadas, akwai raƙuman dawa na Dabus da aka sassaƙa a jikin dutse. Babban ya wuce mita 5, masana kuma na ƙiyasta shekarunsa fiye da 6,000. Ba a taka zanen, ba a zuba masa ruwa don ya fito a hoto, ba a rubuta suna kusa da shi. Kan kibiyar dutse ko dutsen niƙan mutanen da, in ka gani a ƙasa, ka bar shi a inda yake.

Abin da ya rage a sama

Zanen duwatsun Abzin cike yake da jimina, kuma tsofaffi sun tashi sun gan ta a daji. Farautar da aka yi mata da motoci da bindigogi a shekarun 1990 ta ƙarar da ita. 'Yan kaɗan da suka rage a killace ake kiwonsu, a Iferwan da Kelle ta wajen Gure. Ungulaye ma na kan hanyar ƙarewa. Farar ungulu mai rawayar fuska da baƙin bakin fiffike tana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa tun 2007, mikiya da ungulun mahauta da muka sani kuma sun shiga mataki mafi tsanani a 2015. A 2014 an harbe wata farar ungulu a Nijar, wadda masu bincike suka maƙala wa na'ura tun daga Girka, don a sayar da sassanta ga masu magani. Kasuwar wannan kaya a garuruwanmu take, kuma bai kamata mu yi shiru a kai ba. Kada ka sayi kai ko ƙwai ko gashin tsuntsun daji, kuma in an nuna maka sheƙar ungulu, kada ka yaɗa wurin a Facebook.

Da hantsi, lokacin da iska mai ɗumi ta fara hawa, ka riƙa duban saman tsaunuka. Duk ungulun da ka gani ka rubuta nau'inta, da adadi, da wuri, da sa'a. Haka za ka yi wa kowane zama: jeri guda ga wuri guda, da kwanan wata da tsawon lokacin da ka ɗauka. Rashin tsaro ya rage zuwan masu bincike Abzin, saboda haka jerin da ka rubuta yana da amfani ga masu aikin kare tsuntsayen. In ka dawo inda sabis yake, ka shigar da shi a eBird, ka bar wa jagoranka kwafi tare da sunayen da ya faɗa maka da Tamashek. Tsuntsun da ba ka tabbatar da shi ba kuwa, ka bar shi a littafinka, kada ka aika.